Jirgin Langa-Langan Da Na Tura A Waya

Shekarata ɗaya da gama sakandare a lokacin, 'yar Gashuwa mai son a ce ni na fara turo abu a guruf. Gabana ya fara faɗuwa ne a kasuwar Nguru, da na ga wani mutum ya dubi wayarsa, ya ɗago ya dubi yayana, ya sake duban wayar.

Yayana mai walda ne. Ya ƙwallafa rai a kan wani jirgin yaƙi da wata ƙasar Asiya ke ƙerawa, baƙi, shimfiɗaɗɗe, babu jela, wanda aka ce na'urar hango jirage ba ta ganinsa, sai dai mutane su ji wuta ta sauka. Kullum kallonsa yake a waya, har ya yanki langa-langa ya ƙera irinsa, bai wuce faɗin tire ba. Ko tashi ba ya yi. Ni ce na kawo shawarar mu rataye shi da zaren kamun kifi a reshen bishiya bakin kogi, na ɗauki bidiyo daga ƙasa ina ta dariya, Yaya yana riƙe da tsohon rimot ɗin talabijin kamar shi ke tuƙawa. Na rubuta cewa jirgin da ba a gani ya iso garinmu, na tura wa ƙawaye ina ƙyalƙyala dariya. Ban san wani ya ɗora murya a kai ba, wai da shi ake leƙa wa ɓarayin shanu rugage. Kuma a wannan makon an kwashe wa mutane garke, har da rai.

A kasuwar, mutumin da ke duban waya ya kware baki wai ga mai jirgin nan. Yaya yana murmushi yana cewa ai gwangwani ne, sanda ta sauka a bakinsa. Na ga haƙorinsa a ƙasa. Kafin in yi ihu wata tsohuwa mai bandar kifi ta fizge ni ta tura ƙarƙashin teburinta, ta rufa mini buhu, ta ce in na kuskura na yi tari ita da kanta za ta miƙa ni, don ana neman yarinyar da ke dariya a bidiyon. Ta hudar buhun nake gani. Sun danne shi, wani ya ɗauko dutse ya ce a fara da hannun da ke tuƙa jirgin. Sau uku na ji ƙarar. Wani yana kiran a kawo taya da fetur. Wani dattijo dillalin shanu, wanda Yaya ya taɓa gyara wa mota, shi ya faɗa kansa yana rantsuwa cewa sai dai a ƙona su tare. Shi ma ya sha duka kafin jami'an tsaro su iso.

'Yan'uwana mata, abin da kika tura a waya ya bar hannunki, ba ki san kunnen wanda ke cikin zafin rashi da zai shiga ba. Yaya bai ƙara riƙe ƙarfen walda ba, kuma bai taɓa ce mini ke ce ba. Da ma ya faɗa.

Bayan la'asar tsohuwar ta ɗaga buhun, ta ce in fito an watse, ɗan'uwana yana asibiti da ransa, babu mai taɓa ni kuma. Wayata tana ta motsi a cikin hijabina, wasu ƙawaye ne ke turo mini bidiyona, wai in yi hattara da mutumin nan mai rimot.