Matar Tela da Maɓallin Ƙulli

Matar tela ba ta taɓa hawa keken ɗinki ba. Shekara goma sha biyu aikinta a shagon mijinta shi ne sa maɓalli da tsinke silin zare, tana zaune bayan labule. Wata rana ta zame a bakin famfo ta karya ƙafa, aka kwantar da ita asibiti mako uku.

A gadon kusa da nata akwai wata tsohuwa, uwar wani injiniya da ya zo aikin gada daga ƙasa mai nisa. Ba mai jin yaren wani. Tsohuwar kan wuni tana ƙulla siririyar igiyar ƙyalle, ta lanƙwasa nan ta cusa can, sai ga ɗan dunƙule kamar ƙwayar gyaɗa. Da irinsa aka rufe gaban rigarta. Matar tela ta yi kwana biyu tana satar kallo, rana ta uku aka miƙo mata igiya. In ta kuskure a ɗan buge mata hannu, a warware, a sake.

Ta koma gida da ƙulli bakwai. Tela ya juya ɗaya a tafin hannu.

"Wannan kuma na ɗaure akuya ne?"

"Malam, a wuyan riga ake sawa."

"Rigar wa? Ni yadda na tarar ubana yana ɗinki haka nake yi. Ajiye ki sa mini maɓallan nan."

Ta sa. Sai ƙanenta direban bas ya kawo rigar da dutsen guga ya narkar wa maɓalli, ta ɗinka masa ƙulli uku. Nata ya fi na tsohuwar girma don yatsunta masu kauri ne, kuma da zaren surfani ta yi, shi ke gare ta. Bayan mako ya dawo da abokan aikinsa huɗu.

"Yaya, irin nawa suke so. Na ce musu daga waje aka kawo."

"Kai dai ba ka rabo da ƙarya."

Tela ya ci gaba da ɗinkinsa. Amma ƙullin yana rinjayar wuyan riga, sai ya fara yanka wuyan a tsaye, yana ƙara masa tauri. Kafin shekara biyu telolin layin duk sun ɗauka. In aka tambayi mijin nata yakan ce, "Aikin gidanmu ne."

Bayan rasuwarsa babban ɗansu ya riƙe shagon. Ita idonta ya yi rauni, amma tana ƙullawa da lalube, goma sha biyar a wuni. Surukarta matar ɗan, wadda ta koya a hannunta, ta fara cusa dutsen ado a tsakiyar ƙullin don rigunan mata. Da aka kawo wa matar tela ɗaya ta shafa, ta ce zai yi wuyar wanki, ta miƙa wa surukar abinta.