Ranar Da Becky Ta Zama Adda Zulaihatu

Becky ta iso Jimeta daga Michika a shekarar 2014, lokacin da 'yan tayar da ƙayar baya suka tarwatsa garinsu. Jaka ɗaya ta riƙo, sai 'ya'yanta mata biyu. Ta sauka a gidan ƙanin mijinta a Bekaji, ta yi wankau, ta soya ƙosai, har wata ƙungiya ta raba wa 'yan gudun hijira filayen lambu kusa da tafkin Geriyo. Fangali shida ta samu. Ta zuba alayyafo da yakuwa da albasa.

Maƙwabciyarta a lambun ita ce Adda Zulaihatu, haifaffiyar Yola, mai muryar da ake ji tun daga bakin titi. Injin ban ruwa ɗaya suke amfani da shi, don haka kullum da safe sai an yi.

"Becky! Ruwanki ya kwanta min a albasa!"

"Adda, ni na aike shi? Ki tambaye shi mana."

Bara wani malamin sakandare mai suna Sammy ya zo, yana so ya shirya wasan kwaikwayo kan zaman masu lambu, a zaga da shi unguwa-unguwa. Kwana biyu ya yi a gindin mangwaro yana sauraronsu, sai ya rufe littafinsa ya ce babu abin da zai rubuta, su zo kawai su yi abin da suka saba.

Adda ta ce Allah ya kiyaye a gan ta tana masifa a bainar jama'a.

Becky ta ce, "To, ni zan fito a ke."

"Haka ne? Ni ma sai in fito a ke, mu gani!"

Aka loda bokitai da fartanya da ɗaurin alayyafo a keke biyu. An yi a Shagari Low Cost, an yi a Bekaji, mutane suna ta ƙyaƙyatawa. Amma na Rumde ne ba a daina labarinsa ba. Becky ta yafa gyalen Adda, ta kama ƙugu, ta karkace baki, ta kwarara kira da sunan mijin Adda:

"Bobboyi! Zo ka ga abin da matar nan ta yi min!"

Ashe Bappa Bobboyi yana kujerar gaba, rana ta sa shi gyangyaɗi. Ya zabura ya miƙe, hula a karkace.

"Na'am! Ga ni nan, ga ni nan!"

Fili ya kaure da shewa. Adda ta manta abin da za ta faɗa, dariya ta kayar da ita daɓas a kan alayyafon. Becky ta yi ta ƙoƙarin riƙe fuska, ta kasa. Ta yi dariya har da hawaye, irin wadda rabonta da ita tun kafin gudun hijira.

Yanzu fangalinta goma, babbar 'yarta tana karatun jinya. Sau biyu ta je Michika ta dawo. A kasuwa wasu suna kiranta Adda Zulaihatu, tana kuma amsawa.

Bappa Bobboyi kuwa ya sami Sammy ya ce a saka shi a wasan. An ba shi kalma ɗaya, "Na'am." Sati uku ke nan yana gwadawa a tsakar gida, har yau bai yi ta kamar ta Rumde ba.