Ruwan da Babikir Bai Ajiye Ba

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu tambayar ina hotunan gudun Juma'a suka shiga, yau ga amsarku. Ƙodata ce ta tsaya, kuma Allah ya dawo mini da ita.

Ina da shekara arba'in da bakwai na fara gudu, bayan likita ya kalli tumbina ya girgiza kai. Maƙwabtan shagona a kasuwar Suk al-Shabi har tafi suke yi mini na tsiya. Babikir kaɗai bai yi dariya ba. Tun muna yara a unguwar Alsahafa muke tare, shi ya raka ni neman auren Hawwa. Ya sayi takalmi ya biyo ni.

Shekara biyu muna gudu. Kwalta ta ishe mu, muka koma dajin yammacin Umdurman, cikin duwatsu, inda ba shago ba famfo. Tsarinmu ɗaya ne. Ranar Alhamis da yamma Babikir zai kira Idris mai raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya kai jarkar ruwa biyu, ya ɓoye ɗaya a gindin bishiyar farko, ɗaya a ta biyu. Saboda haka ba na ɗaukar ko gora.

Juma'ar da abin ya faru na ga gora biyu a ƙugun Babikir. Ya ce yana koyon gudu da nauyi ne.

Muka isa bishiyar farko, ba jarka. Ya ce, "Makiyaya ne suka ɗauke." Ya ba ni kurɓi biyu. Na ce mu juya. Ya ce, "Ya zol, mutumina, ta biyu tana nan, wallahi. Mu ƙarasa."

Ta biyu ma ba komai, kuma gorunansa sun ƙare. Rana ta take. Ƙafafuna suka ƙulle, na yi amai, na dawo titi ina jan jiki.

Washegari fitsarina ya fito kamar baƙin shayi. Kwana na biyu ya ɗauke gaba ɗaya, fuskata ta kumbura.

A asibiti aka ɗibi jini. Likitar ta duba takardar ta ce, "Zafi da ƙishirwa sun narkar maka da naman jiki, dattin ya toshe ƙodar. Yau za mu fara wankin ƙoda." Na tambaye ta ko ƙodar za ta farfaɗo. Ta ce, "Sai mun gani."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Aka sa mini roba a wuya. Awa huɗu ina kwance ina kallon jinina yana zagaya cikin inji. Sau shida aka yi. Hawwa ta sayar da awarwaronta na zinare ba ta gaya mini ba, hannunta na gani fayau.

Abin da ya fi allura ciwo shi ne ƙishirwa. An hana ni ruwa sai ɗan ƙaramin kofi da ake aunawa. Ina cikin wannan hali Babikir ya zo dubiya da katan guda na ruwan roba a kafaɗa. Ya ce, "Salamtak, ya akhi." Na riƙe hannunsa na yi masa godiya har da hawaye.

Ita kuwa Hawwa tana jinyata, amma ba ta kallon idona. Ta ba ni magani, ta gyara matashi, ta koma gefe.

Ranar kwana goma sha biyu fitsari ya dawo. Ban taɓa zaton zan ga babban mutum yana kuka a kan rabin kwalbar fitsari ba, sai ga ni.

Bayan an sallame ni Idris mai raksha ya zo gaisuwa gida. Yana shan shayi ya ce, "Ni na ɗauka kun fasa gudun ne. Alhamis ɗin nan ba wanda ya kira ni."

Hawwa ta ajiye faranti. Ta ce, "Baban Amna, Babikir ce mini ya yi ruwa na nan, kai ka ƙi sha don ka nuna ka fi shi juriya." Wata guda ke nan tana ɗauke da zancen cewa don burga na kusa mayar da 'ya'yanta marayu.

Na kira Babikir a gabanta. Ya ce, "Mantawa na yi. Da asuba na tuna, kunya ta hana ni faɗa. Ma'lesh, ka yi haƙuri."

Mantuwa ba ta dame ni ba, kowa na yi. Amma ya tuna, ya cika gorarsa, ya rantse mini a gindin bishiyar farko lokacin da juyawa ke da sauƙi. Sannan ya je ya ɗora mini laifin a wurin matata ina kwance da roba a wuya. Wannan har yau yana ci mini rai.

Alhamdu lillahi, gwajin ƙarshe ya fito lafiya, an cire robar. Na gode wa Allah, na gode wa likitar da ma'aikatan ɗakin wanki, da duk wanda ya yi mini addu'a. Hawwa, ke kam bakina ya yi kaɗan.

Masu gudu, musamman irina da muka fara da furfura: ruwanka ya kasance a jikinka, ko da wa kake tafe. In ka isa inda ya kamata a sami ruwa babu, ka juya. In fitsari ya yi duhu bayan gudu, a ranar za ka je asibiti, kada ka jira gobe.

Na fara 'yar tafiya da safe. Hawwa ke cika gorar da hannunta.

Katan ɗin Babikir kuwa ba mu taɓa buɗe shi ba. Alhamis da ta wuce na kira Idris da kaina, na ce ya kai shi gindin bishiyar farko. Can ya kamata ya kasance tun farko.