Madarar Masu Ceto

Duk layin nan Tela ake kiranta, har mijinta. Tun tana budurwa take kan keken ɗinki a wani ɗan shago a ƙasan benen da suke haya, tana ɗinka labule da zanin gado, allura a baki, tef a wuya. Mace ce da ba ta wasa da cikinta. Sai ta sha shayi da madara mai kauri sannan ta taka keke har magariba. Mijinta, direban babbar mota, yakan ce tsakaninta da motarsa bai san wa ya fi shan mai ba.

Haihuwa ce ta yi mata nawa. Sai da aka fara fid da rai Allah ya kawo ɗa namiji, take kiransa Babana. Bai yi wata biyu ba ƙuraje suka feso masa, fuska ta kumbura, kashi da jini-jini, kuka ba ƙaƙƙautawa. Nas ɗin asibitin unguwa ta duba shi ta ce, “Borin jini ne. Jikinsa ba ya son madarar shanu da gyaɗa, kuma abin da kika ci yana biyo nono ya same shi. In kina son ɗanki, ki rabu da su.”

Tela ta rabu da su. Baƙin shayi take sha tana yamutsa fuska, yaro kuwa ya murmure har ya yi kumatu.

Ana haka yaƙi ya zo. Rediyo ya ce jiragen yaƙin sun zo kare haƙƙin ɗan Adam ne, wai za a ceci mutanen garin daga azzalumai. Kai, wane irin ceto ne wannan da ke farawa da rushe asibiti? Nas ɗin ba a sake jin ɗuriyarta ba. Miji ya fita da lodi aka rufe hanya, shi ma shiru. Gida ya rage daga Tela sai jariri sai surukarta, tsohuwar da take kira Inna.

A yi musu adalci, masu ceton sun aiko da abinci. Da aka buɗe kwalayen, garin madara ne da markaɗaɗɗiyar gyaɗa a ƙananan ledoji. Tela ta kutsa gaban mai rabon da goyonta.

“Don Allah malam, ko shinkafa, ko wake. Ɗana jikinsa ba ya…”

“Baiwar Allah, mutane na mutuwa kina zaɓen abinci? Karɓi ki matsa!”

Ta karɓa ta matsa. Ana babbakar giwa, wa ke jin ƙaurin zomo?

Sai ta koma wa kekenta. Ta riƙa haɗa tsofaffin buhuna tana ɗinka wa maƙwabta abin toshe tagogin da suka farfashe, su kuma su ba ta ɗan tafin shinkafa. Inna ta dafa da ruwa mai yawa ta ajiye mata. Tela ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa, amma nono na zuwa, ta gode Allah.

Kwatsam ƙurajen suka dawo. Hankalinta ya tashi, don ta san ba ta sa abin da aka hana ta a baka ba. Ta wanke kayan yaron, ta daina sa masa sabulu, ta ɗora laifin a kan ƙurar rusau. Ina! Kullum abin gaba yake yi. Wata safiya ta hau sama ɗauko almakashi, sai ta tarar da Inna a durƙushe tana juya cokalin garin madara a cikin shinkafarta.

“Inna! Ashe ke ce? Kashe mini shi za ki yi?”

Tsohuwar ba ta ɓoye cokalin ba. “Jinina ne, ’yar nan, ni ma kukansa har cikin raina nake ji. Amma dubi wuyanki. Jiya ina kallo kika kife a kan keke. In kin mutu wa zai shayar da shi, ni? Shinkafar ma wannan ce ta ƙarshe, kowa ya gama toshe tagarsa.”

Tela ta ture kwanon ta rantse ba za ta ci ba. Ta bi gida-gida tana roƙon musaya, kowa madarar ce da shi. Ta wuni da ruwa, ta sake wuni. Ƙurajen Babana suka fara bushewa, nonon ma ya bushe. Ya kama ya tsotsa, ya saki, ya yi ta kuka har murya ta dushe, ya koma buɗe baki kawai. Tsoro ya kama ta irin wanda ko jiragen ba su taɓa ba ta ba. Gaba kura, baya siyaki.

Sai Inna ta tashi. Ta dama madara a kofin da Tela ke shan shayi a da, ta ajiye a kan keken ɗinki. Tela ta daɗe tana kallonsa. Ta tuna maganar nas, ta kalli bakin yaron da ya tsattsage. Ta ɗauka ta shanye tana kuka, ta miƙa kofin aka ƙara mata.

Wajen la’asar ta ji ƙirjinta ya yi nauyi. Ta ɗauko yaron, ta shafa kumatun da suka fara yin sumul, don ta san gobe ba haka za ta gan su ba.

“Sha, Babana,” ta ce. “Sha, ka yafe mini.”