Ranar Da Kakana Ya Je Duba Dogo

Duk sanda ƙaurin gawayi ya bugi hancina, sai in tuna maƙerar kakana a Tudun Wada, zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da shigowa Zariya ba.

Kakana maƙeri ne ɗan maƙeri, ga taurin kai kamar uwar maƙerarsa. Babana kuwa ya ajiye zugazugi ya kama aikin layin dogo. Kullum da sassafe yakan saɓa doguwar guduma ya bi layi a ƙasa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe, yana ɗaure notin da ya kwance. Tun ranar da ya karɓi aikin, kakana ya daina amsa gaisuwarsa, balle ya sa masa albarka. Wallahi abin yana ci mini rai, don nakan ga Baba ya durƙusa ya gaishe shi, ya tashi jiki a sanyaye.

Wata safiya a cikin bazara na ce wa tsohon, "Angona, ko dai tsoron jirgin kake ji?" Kun san tsakanin jika da kaka ba a hana wasa. Ya harare ni, ya ɗauki sandarsa, muka tafi.

Muka tarar da Baba a tsugune inda dogo biyu suka haɗu. Kakana ya hangi 'yar rata a tsakaninsu, ya zura bakin wuƙarsa a ciki, ya fashe da dariya.

"Wannan ne aikin da ka bar gadonka dominsa? Mutanen da ko haɗa ƙarfe biyu ba su iya ba?"

Baba ya ce, "Don Allah, Baba, ka zauna a inuwa zuwa azahar."

Muka zauna a gindin wata tsamiya. Da rana ta take, dogo ya yi zafi har ba ya taɓuwa, kakana ya koma da wuƙarsa, ta ƙi shiga, ratar ta matse. Ya daɗe a durƙushe. Mutumin da ya tsufa yana kallon ƙarfe na miƙewa a wuta ba ya buƙatar bayani.

"Da ba a bar masa wuri ba, da ya lanƙwashe ya kayar da jirgi," in ji shi, kamar da kansa yake magana. Sai ya fizgi gudumar Baba, ya jujjuya ta, ya taɓe baki. "Amma wannan ai ba guduma ba ce. Gobe ka biyo ta maƙera."

Kwana uku suka yi suna ƙera sabuwa, Baba na zuga, shi yana duka yana faɗa. Da ya miƙa masa ita ne na ji ya ce, "Allah Ya yi maka albarka." Na ruga bayan ɗaki na yi kukan daɗi.

Yanzu jikana ne ke aikin dogo. Ya ce mini yau walda ake yi wa ƙarafan su zama ɗaya, a goge kansu da inji har su yi santsi, ba rata ko kaɗan. Na buɗe baki zan ce aikin banza ne, sai na gane muryar kakana ce ke shirin fitowa. Na haɗiye maganar, na sa masa albarka tun bai roƙa ba.