Tambari da ganyen Bature

Tambari mutumin Ƙofar Dundaye ne, ɗan lambu jikan ɗan lambu, kuma duk fadamar nan ba mai koya masa albasa. A gidansa kowa da hannunsa cikin lambun. Ƙanensa Ɗahiru ne a kan jigo, yana jawo ruwa daga rijiya. Matarsa Kulu ke tara kashin awaki da tokar murhu, ita ce kuma mai ajiyar iri. Shi nasa duban ganye ne. Da ya hango ganye ya nannaɗe ya san tsutsa ta shiga, sai ya buɗe shi da yatsa, ya murƙushe ta, ya barbaɗa toka. Haka ya gani wurin ubansa.

Ba a daɗe da zuwan Turawa ba, mai unguwa ya aika a kira shi. Ya iske shi tare da wani Jibrin, kukun wani Bature, riƙe da ɗan ƙunshin iri. Wai kabeji sunansa, Bature ke marmari. Mai unguwa bai ɓoye masa ba: filin fadama aro ne, in abin bai yi ba akwai masu jiran wurin. Tambari ya tambaya yadda abin yake in ya nuna. Jibrin ya ce ganye ne, ya yi gaba abinsa.

Ganye! Da ganye za a tsorata Tambari? Ya zaɓi wuri mafi kyau, ya cika shi da taki. Shuka ta fito shar, ganye fala-fala, har maƙwabta na leƙowa ta kan darni.

Sai wata safiya ya ga tsakiyarsu ta fara nannaɗewa. Ya buɗe ɗaya, ba tsutsa. Ya buɗe na kusa, ba ko ƙwanta. To, me ya shige su? Ɗahiru ya ce ruwa ya yi yawa, aka rage, suka ƙara dunƙulewa. Aka ƙara ruwan, ba su fasa ba. Kulu ta jiƙa garin taba da barkono aka yayyafa, a banza. Har tofi aka karɓo, don wani ya ce bakin mutane ne.

Da dabara ta ƙare, gidan kaf suka koma aikin hannu. Kullum da sassafe har Kulu ke yafa mayafi ta fito, su durƙusa suna buɗe ganye ɗaya bayan ɗaya, washegari su iske ya rufe. Waɗanda suka fi ƙarfinsu, suka yi tauri kamar dunƙulen hannu, Tambari ya tumɓuke su ya jefa bayan darni kada su shafa wa sauran. Ya rame, ya daina jin daɗin tuwo. Tsoro yake ji ƙwarai a ce a hannunsa lambun ubansa ya salwanta.

Ranar da Jibrin ya zo, Tambari ya nuna masa waɗanda suka ceta, a buɗe, yage-yage, duk toka.

"Ina kan?" in ji Jibrin.

"Wane kai? Ganye kac ce."

Jibrin ya ɗora hannu a ka. Can ya hangi akuya bayan darni tana gaigayar ɗaya daga cikin waɗanda aka jefar. Ya ruga, ya yi kokawa da ita, ya tattaro abin da ta rage ya rungume.

"Wannan shi ne kabeji!"

"Wanga da ciwo yak kashe?" in ji Tambari. "To mi munka yi ta yi wa magani?"

"Ku dai ku bar shi. Kada wanda ya ƙara taɓa shi."

Lambu bai salwanta ba. Tambari ya tsufa yana kai kabeji bariki, har masu lambu suka riƙa zuwa tambayarsa sirrin abin, yana ce musu wallahi bai sani ba, su kuwa suna cewa rowa ce. Shi dai bai yarda cewa ganye mai lafiya yana rufe kansa ba.

Ɗahiru yakan ba da labarin safiyar da ta biyo bayan zuwan Jibrin. Sun iske sauran shukar ta sake nannaɗewa. Tambari ya durƙusa, ya miƙa yatsa zai buɗe ganyen, ya tsaya, idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗahiru," ya ce, "taho ka riƙe min hannu."