Yadda Agali Ya Shayar da Kamyo

Agali bai taɓa barin dabba da ƙishirwa ba, ko maƙiyinsa zai ba da wannan shaida. A dajin Tagriss aka haife shi, cikin raƙuman ubansa, kuma tun bai kai gwiwar raƙumi tsawo ba aka koya masa dokar doguwar tafiya. Kafin ayari ya tashi a ba raƙumi kanwa, a kai shi rijiya ya sha, ya huta, a sake tura masa baki cikin ruwa, har cikinsa ya yi tam. Wanda ya yi wa raƙumi rowar ruwa, daji zai rama masa.

Ubansu ya rasu a shekarun da ƙasa ta sami mulkin kai, ya bar musu garke ɗaya, shi da yayansa Hama, ba su raba ba. A lokacin kuwa kamyo, babbar motar kaya, ya fara cinye wa ayari abinci. Agali ya gani da idonsa a kasuwar Dakoro, mota guda ta sauke hatsin da raƙumansu duka ba su iya ɗauka, nan zuciyarsa ta tafi. Ya yi yaron mota, ya sha zagi da ƙura, ya koyi tuƙi, sannan ya koma ya tasa Hama gaba da magiya dare da rana, a sayar da raƙuma a sayi mota.

"Raƙuma na haihuwa, ƙarhe ba shi haihuwa," in ji Hama. Amma ƙane ƙane ne. Ya yarda, suka sayar da garken, in ban da wata tsohuwar taguwa da aka bar wa yaran Hama saboda nono.

Wurin Elhaji Abarci, wani mai fataucin hatsi na Maraɗi, Agali ya sayi kamyon, tsohon na soja da Turawa suka yi gwanjonsa za su tafi. Na'Allah mai gyaran mota a Dakoro ya kasa kunne ya saurari injin, ya ce lafiyarsa lau, ƙarfinsa ya fi na doki ɗari. Sai ya zaro wani siririn ƙarfe daga cikin injin, ya nuna masa zane biyu a jikinsa.

"Baƙin mai shi tsaya tsakanin nan da nan. Kada shi wuce."

Bai faɗi dalili ba. Wa zai ɓata yawunsa yana yi wa makiyayi mai rawani bayanin inji? 'Yan tasha ma dariya suke in sun ga Agali yana shafa goshin motar yana yi mata magana. Shi kuma ya gyaɗa kai kurum, a ransa ya ce rowa ce irin ta mutanen gari, waɗanda ruwan sha ma sai sun auna shi da garwa.

Muddin yana ƙananan tafiye-tafiye, Dakoro zuwa Ɗan Gulbi, bai wuce zane ba, gida kusa ne. Sai bazara ta yi tsanani, Hama ya aiko cewa hatsi ya ƙare, yara sun koma ga nonon taguwa kaɗai. Ranar da Agali yake jira ke nan. Zai kai gero har ƙofar bukkar yayansa, kowa ya ga cewa ba a banza aka sayar da gadon ubansu ba.

Ya yi lodi, ya dubi arewa, rairayi da tuddai ba gari ba garaji, ya ji tausayin motar ya kama shi. Ya buɗe bakin injin ya juye mai bido guda, wato galan, ya ƙara wani, har zanen nan biyu suka nutse can ƙasa. Ya rufe yana jin daɗi, kamar wanda ya sauke haƙƙi.

Tun ba su yi nisa ba ya ji motar ta yi nauyi. Ya taka, ta yi gurnani, gudu kuwa babu. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya biyo su. Da suka zo wani dogon tudun rairayi bayan Bader Goula, ta hau rabi ta tsaya tana karkarwa. Agali ya san wannan rawar jiki, ya sha ganinta ga dabbar da ƙishi ya ci ƙarfinta. Ya sauko da gudu, ya ɗauko sauran man da ya yi guzuri, ya ɗura mata duka. Ya koma ya taka iya ƙarfinsa. Wani abu ya buga a cikin injin, ya sake bugawa, shi ke nan shiru.

Saƙo ya tafi kudu da arewa a bakin masu jakai. Na'Allah ya iso cikin wata mota, Hama ya iso bisa tsohuwar taguwa. Na'Allah ya kwanta ƙarƙashin kamyon ya kwance murfin ƙasa, sai ga mai yana zubowa ba iyaka, duk ya zama kumfa. Ya ja Agali gefe, yanzu da motar ba ta da amfani ya ga damar yin bayani.

"Akwai ƙarhen da ka juyawa ƙasan inji. In mai ya yi yawa sai shi nutse ciki, shina kaɗa shi kamar maburgi cikin nono. Duk ƙarhin da za ta hau tudu da shi, can ya tahi. Kumhwa kuwa ba ta shahwa ma ƙarhe komi, sai ƙarhe shi ci ƙarhe. Da ka bar ta yadda take, wanga tudu ko ji ba ta yi." Ya yi ƙasa da murya. "Ce ma yayanka tsuhwa ce ta kashe ta. Ba ni hwaɗa ma kowa."

Garin neman gira an rasa ido. Agali ya so ya karɓi ƙaryar nan, Allah ya sani ya so. Amma da ya juya sai ya ga Hama ya rataya takobi, yana tambayar hanyar gidan Elhaji Abarci, wanda ya karɓi kuɗin raƙuman marayu ya ba su mushe.

"Yaya, aje takobinka. Elhaji bai cuce mu ba. Ni na shayar da ita har ta mutu."

Hama ya juyo gare shi. "Da ma cutarka anka yi," ya ce, "da na samu wanda za ni ƙi." Ya sauke takobin, ya tafi neman jakan haya da za su kwashe geron.

Bai sake ta da maganar ba har abada, kuma shirun nan ya fi wa Agali zagi ciwo. Injin bai gyaru ba, aka sayar da kamyon a farashin ƙarfe. Agali ya kasa komawa arewa ya haɗa ido da 'ya'yan Hama, ya zauna tashar Dakoro yana dakon buhunan wasu, har gemunsa ya yi fari. Hama kuwa, ɗan mai garke, ya ƙare yana kiwon raƙuman mutane don a ba shi abin tuwo.

Da labarin rasuwar Hama ya zo, masu motocin tasha suka ce za su kai Agali ta'aziyya kyauta. Ya ce a bar shi. Ya ɗauki sandarsa ya tafi da ƙafa, ya isa an riga an watse.